Kundin Aikin Na'urar Hasashe Mai Ƙaramar Ma'adana

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau muka fara aikin da na tsara wa ƙungiyar lissafi ta makarantarmu, a nan ƙauyenmu na ƙasar Gumel. Abin da muke son haɗawa shi ne wata 'yar na'ura wadda za a ba ta farkon wani jeri na sifili da ɗaya, ita kuma ta faɗi abin da zai biyo baya. Kowane jeri yana iya ci gaba ta hanyoyi marasa iyaka, saboda haka dole ne a sami ƙa'idar zaɓi, kuma ƙa'idar da muka ɗauka ita ce: a cikin dukan na'urorin da za su iya fitar da abin da aka riga aka gani, a ɗauki wadda take buƙatar tuna abu mafi ƙanƙanta.

Irin na'urar da nake nufi ba ta da takarda kuma ba ta ajiye tarihi. Tana da matsayai ƙididdigaggu, kowane matsayi yana ɗauke da amsa, sifili ko ɗaya, kuma duk abin da ta sani a kowane lokaci shi ne matsayin da take tsaye a kai. Idan aka ce ta matsa gaba, sai ta koma matsayi na gaba bisa wani jadawali da ba ya canzawa. Tun da matsayan suna da iyaka, dole wata rana ta dawo inda ta taɓa tsayawa, daga nan kuma sai maimaici. Na nuna wa ɗalibai carbi: akwai jela da ake bi sau ɗaya, akwai da'ira da ake ta zagayawa, yatsa kuwa bai san komai ba sai ƙwayar da yake riƙe da ita. Yawan matsayai shi ne jela a haɗa da da'ira, kuma shi ne ma'aunin da za mu riƙa auna kowane hasashe da shi.

Asabar, 11 ga Janairu

Na je Kano na sayo kaya a kasuwar Sabon Gari. Allon Arduino Uno, wato 'yar ƙaramar kwamfuta a kan allo guda, ₦14,000, fuskar rubutu mai layi biyu ₦5,500, maɓallai da wayoyi da allon gwaji mai ramuka ₦4,000, kuɗin mota zuwa da dawowa ₦9,000. Jimla ₦32,500, daga aljihuna.

Mai shagon ya so in ƙara kuɗi in ɗauki allo mai faɗin ma'adana, na ƙi. Wannan allon yana da bayit 2,048 kacal na ma'adanar aiki (bayit ɗaya gurbi ne da ke ɗaukar sifili ko ɗaya guda takwas, kowanne ana ce masa bit), da kilobayit 32 na ajiye shiri, wato umarnin da muke rubuta masa, da bayit 1,024 da ba sa gogewa ko an ɗauke wuta. Aikin da ya ginu a kan tambayar mene ne mafi ƙarancin abin da za a tuna, ya fi dacewa a yi shi a kan allon da zai tilasta mana ƙirga kowane bayit.

Talata, 14 ga Janairu

An haɗa fuska da maɓallai uku: na sifili, na ɗaya, da na neman amsa. Rubutu ya fito. Da batirin cajin waya muke kunna allon, domin babu wutar lantarki a makarantar.

Lahadi, 19 ga Janairu

Shirin farko gajere ne. Yana fara gwada matsayi ɗaya, sannan biyu, sannan uku, kuma a kowane adadi yana gwada duk hanyoyin da za a raba shi tsakanin jela da da'ira, har ya sami rabon da ya dace da dukan lambobin da aka shigar. Lambobi 64 suna shiga cikin bayit 8, saboda kowace lamba bit ɗaya ce.

Amma kafin a kai ga lissafi, maɓallai sun hana mu sakat. A danna sau ɗaya, sai fuska ta nuna sifili biyu ko uku. Dalili biyu ne suka haɗu. Ƙarfen da ke cikin maɓalli yana ɗan yin tsalle kafin ya zauna, allon kuma yana aiki da bugu miliyan 16 a daƙiƙa, don haka yana ƙirga kowane tsalle a matsayin danni. Wannan an magance shi da sa shirin ya jira kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa kafin ya sake sauraro. Na biyun shi ne ƙurar hunturu da ta cika ramukan allon gwaji, har wayoyi suka daina kamawa da kyau. A irin wannan aiki kuskuren lamba ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, domin sifili ɗaya da ya ƙaru a tsakiyar jeri yana tilasta wa shirin ya mayar da duk abin da ya gabace shi jela, sai na'ura mai matsayi bakwai ta kumbura ta zama mai ashirin. Na kai wa mai gyaran rediyo na garinmu, ya liƙe wayoyin da dalma a kan ₦1,500, muka sa komai cikin robar abinci mai murfi.

Da yamma muka yi gwajin farko da kasuwar Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis: ɗaya ga ranar kasuwa, sifili ga sauran kwanaki, an fara daga Alhamis 2 ga Janairu. Da aka shigar da kwana bakwai, na'urar ta kawo matsayi biyu, ma'ana kasuwa ta ci sau ɗaya kuma ba za ta sake ci ba. Yaran sun yi dariya, amma amsar daidai take da abin da aka nuna mata. Da aka ƙara Alhamis ta biyu, sai ta koma da'ira mai matsayi bakwai, ba ta sake canzawa ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau aka yi gwajin da ya fi kowanne koya mana abu, don haka zan rubuta shi dalla-dalla.

A kalandar Hijira ta lissafi, wadda ake buga jadawali da ita, shekara tana da kwana 354, amma a cikin kowace shekara 30 akwai 11 da ake ƙara wa Zulhajji kwana ɗaya su zama 355. A tsarin da ya fi yaɗuwa, shekarun su ne ta 2, 5, 7, 10, 13, 16, 18, 21, 24, 26 da 29. Shekarar da muke ciki, 1446, ita ce ta shida a zagayenta. Na jaddada wa ɗalibai cewa wannan lissafin jadawali ne kawai, kamawar wata a ƙasar nan kuwa da ganin jinjiri ne da sanarwar Sarkin Musulmi, kuma na'urarmu ba ta da abin cewa a wannan. Na riƙe jadawalin a hannuna, ban nuna wa kowa ba, ina karanta shekara ɗaya bayan ɗaya, ɗalibai suna shigar da ɗaya ga mai ƙarin kwana da sifili ga saura, suna rubuta hasashen na'urar kafin in faɗi gaskiya.

Har zuwa shekara ta 11, da'ira mai matsayi 5 ta dace da komai, ta kuma ce ta 12 mai ƙarin kwana ce. Ba haka ba ne. A shekara ta 14 sai aka sami na'urori biyu masu girma ɗaya, kowace matsayi 8: ɗaya da'ira ce zalla mai takwas, ɗayar kuma jela biyar ce da da'ira uku. Ta farko ta ce ta 15 ce mai ƙari, ta biyu ta ce ta 16. Ƙa'idarmu ta ɗaukar mafi ƙanƙanta ba ta raba wannan gardama ba, shirin dai ya nuna wadda ya fara tararwa. Ta biyun ce ta yi daidai, amma ita ma ta rushe a shekara ta 18. Abin lura shi ne akwai jadawalan da suke sa ƙarin kwanan a shekara ta 15 maimakon ta 16, wato wurin da na'urar ta yi shakka wuri ne da masana lissafin kalanda su ma suka rabu.

Daga nan da'ira mai 11 ta karɓa, ta faɗi shekara bakwai a jere ba kuskure, har wasu ɗalibai suka ce an gama. Ta rushe a ta 26. Mai matsayi 16 ta biyo baya ta rushe a ta 34, mai 19 ta yi shekara goma tana faɗin gaskiya ta rushe a ta 45, mai 27 kuma, wato jela 16 da da'ira 11, ta kai har ta 55. Sai a shekara ta 56, kusan zagaye biyu cikakku, sannan da'ira mai 30 ta zama mafi ƙanƙanta.

Wata ɗaliba ta ce, “Malam, to in haka ne yaushe mutum zai yarda da ita, tun da duk lokacin da ta yi kuskure ba ta nuna alamar shakka?” Na ce mata tambayarta ita ce aikin mako mai zuwa. Na'urar da take faɗin amsar ƙarya da amsar gaskiya da murya ɗaya ba ta da amfani ga wanda ba ya riƙe da jadawalin a hannunsa, kuma ba zan so ɗalibaina su fita daga nan da tunanin cewa abin da ya dace da baya dole ya dace da gaba ba.

Talata, 28 ga Janairu

Amsar tambayar tana cikin wani sakamako da ya samo asali daga aikin Edward Moore na 1956 a Amurka: idan na'urori biyu sun bambanta, to bambancin ba zai ɓuya har abada ba. A irin namu jerin, a haɗa yawan matsayansu a cire ɗaya, kafin a wuce wannan adadin na lambobi dole saɓanin ya fito. Mai 27 da mai 30 sun ba da 56, kuma a kan ta 56 daidai suka rabu.

Saboda haka na ƙara lamba ta biyu a fuskar, muka sa mata suna lambar amana: yawan abin da aka shigar, a cire matsayan na'urar, a ƙara ɗaya. Ma'anarta ita ce, matuƙar ainihin ƙa'idar ba ta wuce wannan adadin matsayai ba, hasashen ba zai taɓa kuskure ba. A shekara ta 25 lambar 15 ce. A ta 55 ta kai 29, saura ɗaya tak ta kai 30, kuma ta wannan ɗayan kuskuren ya shigo. Lambar ba ta faɗin girman gaskiyar da ke ɓoye, amma tana faɗin sharaɗin da aka ɗora hasashen a kansa, wannan kuwa shi ne abin da aka rasa ranar Asabar.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Mun shiga mataki na biyu. Maimakon na'urar ta riƙa ƙirga ɗaya bayan ɗaya, yanzu za a rubuta mata lambar da ake tambaya da sifili da ɗaya, yadda kwamfuta take rubutawa (misali 5 ita ce 101), ta karanta daga hagu zuwa dama, kowane matsayi yana da hanyar fita biyu, ta sifili da ta ɗaya. Matsayin da ta ƙare a kai shi ne amsa.

Na fara da jerin da Axel Thue na ƙasar Norwe ya yi nazari a 1912, Marston Morse kuma ya sake gano shi a 1921: 0, 1, 1, 0, 1, 0, 0, 1, har gaba. Wannan jeri ba ya taɓa zama maimaici, don haka tsohon shirinmu kullum ƙara matsayai yake yi, lambar amana kuma ba ta yin nisa take sake faɗowa. Da sabon salon kuwa matsayi biyu sun isa, kuma lambobi huɗu na farko sun wadatar a gano su, domin abin da ake tunawa kawai shi ne ko adadin ɗaya-ɗayan da aka karanta yana rabuwa biyu ko ba ya rabuwa. Ashe yawan abin da za a tuna ba ga jerin kaɗai ya dogara ba, har da yadda aka rubuta tambayar.

Sai muka gwada lambobin da 3 take rabawa ba saura, daga 0 zuwa 15. Shirin ya bi jadawalai ɗaya bayan ɗaya, ya fito da matsayi uku, kowanne yana wakiltar sauran rabawa, kuma ya amsa manyan lambobi daidai. Matsalar ita ce yawan jadawalan. Masu matsayi 3 guda 5,832 ne, masu 4 guda 1,048,576, masu 5 guda 312,500,000, masu 7 kuwa sun haura tiriliyan 86. Ba rauni ne na allonmu kaɗai ba. Mark Gold ya tabbatar a 1978 cewa nemo na'ura mafi ƙanƙanta da ta dace da misalan da aka bayar yana cikin rukunin matsalolin da har yau ba a san wata hanya mai sauri ta warware su gaba ɗaya ba. Kasuwar Maigatari tana buƙatar matsayi bakwai, saboda haka dole a canza hanya.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ba a yi aiki a kan allo ba. Na zana a takarda hanyar da Oncina da García na ƙasar Sifen suka wallafa a 1992: a jera misalai a matsayin bishiya, sannan a riƙa haɗe rassa biyu su zama matsayi ɗaya muddin haɗin bai saɓa wa wani misali ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Allon ya ƙi ɗaukar bishiyar. Da misalai kaɗan yana aiki, amma da aka nufi 256 sai fuska ta cika da alamomi marasa ma'ana, allon ya sake tashi da kansa, duk abin da ɗalibai suka shigar ya goge. Mun zargi batiri, muka canza, haka. Mun zargi dalma, muka duba, lafiya lau. Sai da na zauna na ƙirga bayit. Kowace gaɓa ta bishiyar tana cin uku, biyu na rassanta ɗaya na amsarta, wato 768. Hanyar kuma tana buƙatar kwafi na biyu domin a koma baya idan haɗi ya ci tura, ya zama 1,536. Kalmomin da muke nunawa a fuska su ma a ma'adanar aiki suke zaune, ga abin da shirin fuskar da na sadarwa suke riƙewa. Abin da ya rage bai ishi kiran da shirin yake yi wa kansa ba yayin da yake gangara rassa, sai ya fara rubutu a kan bayanansa. Wannan allon ba ya gargaɗi idan ma'adana ta cika.

Maganin ya fito daga lissafin kansa. Tun da misalanmu a jere suke ba giɓi, ba sai an ajiye rassa ba: rassan kowace lamba su ne ninkinta, da ninkinta a ƙara ɗaya. Rassan 5 su ne 10 da 11, domin a wannan rubutun ɗora sifili a bayan lamba ninka ta ne, ɗora ɗaya kuma ninki ne a ƙara ɗaya. Don haka amsoshi 256 suna shiga bayit 32, kuma za a iya gwada lambobi biyu kai tsaye, a ga ko duk abin da aka ɗora a bayansu yana ba da amsa ɗaya, wanda shi ne ma'aunin da Anil Nerode ya kafa a 1958. Babu kwafi, babu komawa baya. Kalmomin fuska na mayar da su ma'adanar shiri, misalai kuma yanzu suna shiga ma'adanar da ba ta gogewa, domin kada wahalar ɗalibai ta sake tafiya a banza.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An sake gwajin Maigatari da sabon shirin, rana ta 0 ita ce Alhamis 2 ga Janairu. Da misalai 64, daga 0 zuwa 63, na'urar ta kawo matsayi bakwai, adadin da ya kamata, kuma ta dace da dukan misalan. Ta amsa 70, 77 da 84 daidai. A kan 91, wato Alhamis 3 ga Afrilu, ta ce babu kasuwa, sannan ta ce akwai a kan 93, ranar Asabar.

Mun bi jadawalin a kan allon aji har muka gano inda abin yake. Matsayan bakwai daidai suke, hanyoyi biyu ne suka karkace. Lambobi 9, 11 da 13 suna barin saura 2, 4 da 6 idan aka raba su da bakwai, kuma ba a iya bambanta waɗannan ukun sai an ɗora musu lambobi uku a baya. Misalan da suka tsaya a 63 biyu kawai suke ba da damar ɗorawa, saboda haka shirin ya ga ukun iri ɗaya ne, ya tura 11 da 13 matsayin da 9 take. Da aka kai misalai 128, hanyoyin suka miƙe, muka gwada lambobi har sama da dubu ba a sami saɓani ba.

Wannan ya fi na kalanda damuna, domin a can ƙanƙantar na'urar ce take yaudara, a nan kuwa girman daidai ne amma cikin ba daidai ba, kuma lambar amanarmu ba ta aiki a wannan salon. Akwai kuma ciniki a fili: salon ƙirga ɗaya-ɗaya ya kama kasuwar da kwana 8 kuma ya tabbatar da ita da 13, wannan kuwa sai da 128, amma shi ne yake amsa rana ta dubu da taku goma maimakon dubu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ɗalibai sun nemi a gwada lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu: 2, 3, 5, 7, 11. Da 64, da 128, da 256, kowane ƙari sai matsayai su ƙaru, kuma hasashen bai tsaya ba. Haka ya kamata, domin Minsky da Papert sun nuna a 1966 cewa babu na'ura mai iyakantattun matsayai da za ta iya gane waɗannan lambobi a wannan rubutun. Na sa kowa ya zana yadda matsayan suke hawa, domin hawan da ba ya tsayawa shi ne alamar cewa ƙa'idar ba irin wadda na'urarmu za ta kama ba ce.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau: ₦32,500 na farko, ₦1,500 na dalma, ₦2,400 na cajin batiri da kwamfutar da nake ara, jimla ₦36,400.

Azumi ya matso, za mu taƙaita zama zuwa safiyar Asabar. Abu na farko da za a yi shi ne shirin ya riƙa sa alama a kan duk hanyar da ya zaɓa alhali akwai wani matsayin da shi ma ya dace, kuma idan amsa ta bi ta irin wannan hanyar, fuska ta nuna alamar tambaya a gefenta. A gwajin Maigatari mai misalai 64, wannan zai sa alama a kan 91 da 93 duka. Na biyu, ina so na'urar ta riƙa faɗin lambar da take so a ba ta amsarta domin ta raba shakkar, bisa tafarkin da Dana Angluin ta shimfiɗa a 1987, maimakon ɗalibai su shigar da 128 a jere. Wannan zai karya dabarar ninki, tun da misalan ba za su ƙara zama a jere ba, don haka sai na sake ƙirga bayit kafin in rubuta layi ɗaya. A lissafin farko da na yi, misalai 100 masu cin bayit biyu-biyu da jadawali mai matsayi 16 ba za su wuce bayit 300 ba.